Takwaran Bafaranshe

Ni ba mai rubutu ba ne, kowa a Babura ya san haka. Firamare na taɓa ban gama ba, Baba ya rasu, na koma kasuwa awon hatsi, kuma a bakin buhun gero furfura ta same ni. Abin da ya zaunar da ni nake wannan wahala shi ne maganar da ta dawo kunnena daga bikin da aka yi a Kazaure, inda wani jikan Baffa Garba, yaron da aka haifa a gabana, ya nuna Yusufu da baki cikin mutane ya ce ga takwaran Nasara nan. Aka yi dariya. Yusufu ya dawo bai ce mini komai ba, a bakin wasu na ji. To, ku 'ya'yana, da kai Yusufu ɗan ƙanena, ku buɗe kunne, sau ɗaya zan faɗa. Ni na ba da sunan nan. Ba kuskure na yi ba, ba kuma a ruɗe nake ba. Mutumin da aka yi wa takwaran ya rasu bara a ƙasarsu, ba zai iya kare kansa ba, Habu ma ba ya nan. Saura ni.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna, ni na fari, Habu auta. Inna Bafulatana ce daga wajen Roni, sunana bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai kai, ko wannan. Habu kuwa tun safe take kiransa har rana ta faɗi. Habu ka ci, Habu sa takalmi, Habu ina za ka. Ban taɓa jin haushi ba, haka aka saba da ɗan fari. Yaron kansa na ja, ya yi ta wucewa har jami'a a Kano, ya ɗauki abin da suke ce wa fiziks. Baffa Garba, ƙanen mahaifinmu, ya yi aikin ofis a Kazaure har ya yi ritaya, kuma a wurinsa duk abin da bai bi ta hannunsa ba ɓata ne. Wata salla muka je gaishe shi, ya dubi Habu daga sama har ƙasa.

"Wai karatun nan naka, allura za ka yi ko gada za ka gina?"

"Ko ɗaya, Baffa. Lissafi ne a kan yadda abubuwa suke."

"Yadda abubuwa suke? Ai ga su nan yadda suke. Ka zo in sa a ba ka kujera a sakatariya, ka daina cinye wa yayanka gero a banza."

Habu ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya ƙara girma. Ni kuwa na riƙe maganar.

A wani taron malamai a Yamai Habu ya gamu da Malam Jozef, wani tsohon malami Bafaranshe. Tsohon yana bayani a gaban allo, Habu ya ɗaga hannu ya yi wata tambaya, tsohon ya ajiye alli ya ce bai sani ba, amma yaron ya tsaya bayan an tashi. Daga nan ya ɗauke shi zuwa Faransa. Abin da zan faɗa muku game da rayuwar mutumin nan, wani daga bakin Habu na ji, wani daga bakinsa shi kansa, Habu yana fassara mini. Ɗan makiyaya ne, a ƙauyen kan dutse aka haife shi, uban yana kiwon tumaki. Malamin ƙauyen ne ya ga kansa ya matsa aka tura shi birni. Aikin da ya tashi a kai ba na inji ba ne, ba ya haɗa ruwa a kwalba, ba ya kwance komai. Allo da alli, su ke nan kayan aikinsa. Zai zauna ya yi ta lissafi ya ce, in dai lissafin nan daidai ne, to akwai abu kaza a cikin ƙwayar da ido ba ya gani, wasu kuma masu injuna su je su duba ko gaskiya ne. Duk ƙuruciyarsa a kan abu ɗaya ta ƙare. Ya ce akwai wata 'yar ƙwaya da ba wanda ya taɓa gani, ita ke riƙe da 'yan'uwanta. Bai yi aure da wuri ba saboda ita. Sunansa ya tashi, ɗalibai suka cika masa ƙofa, ana gayyatarsa ƙasa-ƙasa. Sai masu injuna suka gama gina nasu a ƙarƙashin ƙasa, suka duba inda ya ce, suka sake dubawa, babu komai a wurin. Abokan ra'ayinsa suka fara kame-kame, wannan ya ce injin ne ba shi da ƙarfi, wancan ya ce a jira. Shi kuwa ya tashi a gaban babban taro ya ce ya yi kuskure, duk wanda ya ɗora aikinsa a kan nasa ya rushe ya sake. Ɗalibai suka watse. Waɗanda suke rige-rigen gaishe shi suka koma kallon agogo in sun hango shi. Ni a kasuwa na girma, na ga manya iri-iri, masu rawani da masu hula. Ban taɓa ganin babban da ya tashi cikin jama'a ya ce na yi kuskure ba, sai dai ya nemo yaro ya ɗora masa. Wannan shi ne mutumin da ake yi wa Yusufu gori da shi.

Da furfurarsa ya fara sabon aiki. Ya bar abin da ba a gani ya koma kan yashi da gari da ƙwayar hatsi, yana neman dalilin da ya sa tsibi yake tsayawa ya yi ta tsayawa, sannan rana tsaka ya zube. Abokansa suka ce tsufa ya taɓa shi, wasan ƙasa yake yi. A wannan lokacin Habu ya je masa, lokacin da ba mai zuwa. Aikin farko da suka yi tare wanda aka san shi a duniyarsu, tsohon ya sa sunan Habu a gaba, nasa a baya. Habu ya ce masa ba a haka, tsohon ya ce wanda ya fara ganin hanya shi ke gaba.

Sau ɗaya Malam Jozef ya zo garin nan, bikin Habu da Rabi. Ta Damagaram ya biyo, ya sauka a motar 'yan kasuwa, dogo ramamme, wando duk ƙura. A ɗakina ya kwana, da hannu ya ci tuwo, ya ƙone yatsu bai fasa ba. Ranar kasuwa ya biyo ni rumfa. Ina zuba gero a tabarma, sai ya tsuguna ya riƙe mini hannu, ya yi wa Habu magana.

"Yaya, wai ka sake zubawa, a hankali."

Na zuba. Tsibin ya tashi, gefe ɗaya ya zame. Ya ce in sake. Na sake, ya ce in sake. Masu saye na tsaye, 'yan Nijar da suka zo da sefa suna dariya, wani ya ce Idi yau ka samu ubangida. Raina ya ɓaci.

"Habu, tambaye shi, saye zai yi ko kallo?"

"Wai yana so ya san wace ƙwaya ce za ta sa tsibin ya zube."

"Ka ce masa Allah kaɗai ya san wannan."

Habu ya faɗa masa. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce to shi dai ya tabbata shi bai sani ba, amma ƙanena ya fi shi kusa. Da yamma ya shiga gaishe da Inna, ya tarar tana fama da wata tunkiya da ta ƙi shayar da ɗanta. Ya durƙusa cikin turke da wandonsa, ya taɓa hantsar, ya sa aka kawo ruwan ɗumi ya yi ta gasa mata yana tatsewa. Inna ta tsaya tana kallonsa, daga baya ta ce mini wannan ba baƙo ba ne a wurin dabba, uwarsa ta yi tarbiyya. Ku riƙe wannan, don kada wani ya gaya muku Inna ta ƙi mutumin ne. Ba ta ƙi shi ba.

Zuwan Habu na ƙarshe ya rame, yana tari, ya ce sanyin can ne. Rabi na da ƙaramin ciki. Ni na ɗauke shi a babur zuwa Kazaure inda zai hau mota. Mun yi nisa sai na ji ya riƙe rigata ta baya.

"Yaya, in namiji ne, Yusufu. Sunan Malam ke nan a bakinmu. Takwara nake so a yi masa."

"Ka dawo ka faɗa da bakinka mana."

"Ko ina nan ko ba na nan. Kuma a faɗa na wane ne, kada a ɓoye."

Na ce masa ya daina maganar banza, ya gyara zama ga rami. Ba mu sake maganar ba. Ba wanda ya ji sai ni da Allah.

A asibitin can ya rasu. Abin da ya faru a can daga bakin Laminu na ji, wani ɗan Magarya da yake karatu a garin, wanda komai a gabansa aka yi. Tun da ciwon ya kwantar da Habu, Malam Jozef ya ɗauke shi daga ɗakin haya ya kai shi gidansa, matarsa ta ware masa tukunya. Da aka koma asibiti, tsohon nan a kujera ya tare. Ya lura Habu yana juya kai yana neman alƙibla, ya sa aka juya gadon. Shi ba Musulmi ba ne, Laminu ya ce ko cocinsu ba ya zuwa, ni ban ɓoye wannan ba kuma ba zan ɓoye ba. Amma da rai ya yi halinsa, shi ne ya bi gari cikin sanyi yana neman masallaci, ya samo mutanen Mali da na Aljeriya suka yi wa Habu wanka suka sa masa likkafani. Shi ya tsaya aka ba da wuri a maƙabartar Musulmi. Da aka tsaya salla ya koma baya ya cire hula. Da aka ɗauki makara ya sa kafaɗa, har Laminu ya ce masa ya bari saboda shekarunsa, ya ƙi. A nan gida kuwa me muka yi? Na je wurin Baffa tun ranar da labari ya zo, na ce shi ya san manya, a taimaka a kawo gawa ko a samo mini hanyar zuwa. Ya ce ana dubawa. Har aka binne ana dubawa. Amma a zaman makoki ya shimfiɗa babbar riga a zaurenmu, kowa ya shigo sai ya ce ɗanmu Dakta na Faransa, mu muka tsaya masa. Ina zaune ina ji.

Rabi ta haihu namiji. Kun san al'adarmu, yaron da aka haifa bayan uba ya rasu sunan uban ake mayar masa, ba a ma tambaya. Tun ranar haihuwa mata suka fara cewa Habu ya dawo. Ana jibi suna na je Kazaure na sami Baffa, don shi ne babba, shi zai raɗa wa liman. Na gaya masa abin da Habu ya ce.

"Wa ya ji?"

"Ni."

"Kai kaɗai? Idi, ka san abin da kake faɗa? A hana maraya sunan ubansa a ba shi na Nasara? Me mutane za su ce da gidanmu?"

"Baffa, mutumin nan shi ya binne mana ɗa."

"Aikinsa ne, shi ya ɗauke shi."

Na ce wasiyya ce, ba zan taka ta ba. Ya yi faɗa, ya kira ni jahili, ya ce awo ya cinye mini kai. Da ya ga ban motsa ba sai ya sassauta murya, irin ta mutanen ofis.

"To, ji nan. Yusufu sunan Annabi ne, ba mai cewa komai. Kakan Innarku na Roni ma Yusufu ne. A sa, a ce nasa ne, kowa ya huta. Kai ka cika alkawari, mu mun rufa asiri."

Wannan ta fi zagin ɓata mini rai. Asirin me za a rufa? Wane abin kunya aka yi? Mutum ya ɗauki ɗanka ya koya masa, ya yi jinyarsa, ya sa kafaɗa a makararsa, sannan a ce sunansa sai an shigo da shi ta bayan gida kamar kayan sumoga. Na ce masa Habu ya ce a faɗa. Na tashi.

Baffa ba shi ne wahalar ba. Da na dawo gida da la'asar na tarar da Inna a ƙofar ɗakinta tana kaɗa nono, labari ya riga ni isowa. Na tsuguna na gaishe ta. Ba ta ɗago ba, hannunta bai tsaya ba.

"Kai. Gaskiya ne abin da na ji?"

"Gaskiya ne, Inna. Shi ya ce."

"Ban ga gawarsa ba. Ban san inda kabarinsa yake ba, ko na sani ba zan iya zuwa ba. Sunan kaɗai ya rage mini, in kira a amsa. Ka bar mini shi a gidan nan."

"Inna, amana ce."

"Mutumin kirki ne, na sani, Allah ya saka masa. Ku aika masa da rago, ku aika masa da saniyata in kuna so. Ka bar mini sunan."

Tunda nake Inna ba ta taɓa roƙona komai ba. Umarni take bayarwa, ko ta yi shiru. Ranar ta roƙe ni. Na fita na rasa inda zan sa kaina. Duk mai cewa Idi taurin kai ne ya ɗebe shi, bai san abin da na ɗauka a ƙirji ba. In na bi Inna ba wanda zai sani, ba shaida, Habu ba zai tashi ya ƙaryata ni ba. Shi ya sa ma na kasa. Da akwai wani shaida, da na bar masa ya yi ta fama da su. Yaron nan bai riƙe rigar kowa ba sai tawa.

Ranar suna da safe zaure ya cika, an raba goro, rago na ɗaure a waje. Liman ya miƙa kunne wajen Baffa kamar yadda aka saba. Na riga shi. Na matsa na raɗa, liman ya dube ni, ya dubi Baffa, ya ce mini ka tabbata? Na ce wasiyyar uban ce. Ya ce to wasiyya ba a wasa da ita. Aka yi fatiha, maroƙi ya fita ya ɗaga murya ya ce an raɗa wa yaro Yusufu. Cikin gida guɗar da aka fara ta tsinke a tsakiya. Sai Baffa ya yi gyaran murya ya fara cewa ai na kakan Innarsu ne na Roni. Na miƙe tsaye. Ni ba mai magana a taro ba ne.

"Jama'a, ku yi haƙuri. Ba na Roni ba ne. Takwaran malamin Habu ne, Bafaranshen da ya zo bikinsa, wanda ya yi jinyarsa ya tsaya aka yi masa sutura irin ta Musulmi lokacin da mu muna nan. Habu ne ya ce a sa, ya ce kuma a faɗa. Na faɗa."

Baffa ya tattara rigarsa ya fita, mutanensa suka bi shi, ko naman ba su jira ba. Daga ranar gidansa ya rufe mana. Ba su zo auren ko ɗayanku ba, kun sha tambayata dalili, to ga shi. Manyan da suke sayen hatsi a hannuna ta dalilinsa suka koma wata rumfa. Wannan duk bai hana ni barci ba.

Daga baya Laminu ya zo hutu, ya kira mini Malam Jozef a waya yana fassarawa. Na gaya masa an yi masa takwara. Sai tsohon ya tambaya, a al'adarku me ake so wanda aka yi wa takwara ya yi? Na ce ba komai, ya dai ci gaba da zama mutumin kirki har ya mutu, kada yaro ya girma ya ji abin da zai sa ya sunkuyar da kai. Ya ce zai yi ƙoƙari. Ya ci gaba da lissafinsa na yashi da hatsi har ƙarfinsa ya ƙare, Laminu ya ce duk inda ya tashi yin bayani sai ya ambaci Habu. Ban ji wani abin kunya a kansa ba har ƙasa ta rufe shi. Wanda ya ji ya zo rumfata ya faɗa mini a fuska, ya daina tare yaro a wurin biki.

Wadda ta hana ni barci Inna ce. Da aka watse ranar sunan na shiga gaishe ta, tana zaune da jaririn a cinya. Ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba:

"Ka binne mini shi sau biyu."

Ta yi shekaru bayan haka. Kai Yusufu a bayanta ka girma, ta fi kowa sonka, amma ka tuna ba ta taɓa kiranka da sunanka ba, ba ta kuma kira ka Habu ba, don ba mai ƙarya ba ce. Yaro take cewa. Ni kuwa ina kai mata cefane ta karɓa, in gaishe ta ta amsa, ba ta ƙara ba ta rage. Hirar da muke yi da yamma, ta tumaki da ta farashin gero, ba mu sake yin ta ba. Da ciwon ajali ya kama ta na zauna a bakin gadonta, na ce Inna ki yafe mini. Ta ce:

"Na yafe maka nonona, na yafe maka wahalata. Maganar suna kuwa, sai mun haɗu da Habu na tambaye shi."

Na gyara mata mayafi. Ta riga ni zuwa, ta kuma riga ni tambaya. Ni dai na yarda a tambayi Habu.